Shekarar da Na Ɗora Ƙafar Fada Dogo

Ku 'ya'yana da jikokina, kun taso kuna jin magana iri biyu a kan Fadan nan da ya yi jinya a gidanmu, kuma duka biyun ba haka aka yi ba. A nan Aliero ana cewa babanku ne ya ɓata ƙafar babban malamin Kirista, shi ya sa ya rayu har ya mutu yana ɗingishi. A Jega kuwa, wajen wasu masu zuwa coci, na ji ana cewa wai ƙafar ta haɗe da kanta ba da hannun kowa ba, har wani matacce ya tashi a Andarai saboda addu'arsa. Ni na ɗora ƙafar, ni na raka shi Andarai, kuma waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun rasu, in ban da ni da mahaifiyarku Kulu. Don haka zan faɗa muku yadda aka yi tun ina da sauran ƙarfi.

Abin ya faru ne a shekarar da kakanku ya rasu. Ɗori gadonmu ne. Tun ina ƙarami nake riƙe wa Baba ƙafar mai karaya yana ja, ina fere masa kara, ina narka man shanu. Amma riƙe wa uba ƙafa daban, zama a kan buzunsa daban. Da ya rasu da bazara, sai gida ya faɗo kaina ina da ƙuruciya, ban daɗe da aure ba, ga Inna, ga ƙannena, ga ɗakunan jinya a bayan zaure. Mutane suna zuwa, amma ina ganin yadda suke dubana. Wani zai kawo ɗansa, ya tsaya bakin zaure yana tambaya ko babu wani babba a gidan. Kowa jira yake ya ga ko hannun Baba ya sauka a kaina ko ya tafi da abinsa kabari.

Baba yana da doka guda wadda duk garin ya sani. Wanda aka ɗora a gidanmu ba ya fita sai da ƙafarsa. In ya ce lallai sai ya tafi kafin ƙashi ya yi ƙwari, sai a kira danginsa da maƙwabta, a ce musu ga shi nan, mun cire hannunmu, abin da ya same shi ba namu ba ne. Da wannan dokar Baba ya tsare sunansa har ya mutu ba a taɓa nuna wani gurgu an ce aikinsa ne ba.

Da damina ta yi nisa, wata rana da hantsi, sai ga babbar mota ta tsaya ƙofar gida. Direban ɗan unguwarmu ne. Ya ce a kan hanyar Maiyama ya tarar da mutum kwance cikin taɓo, babur a kansa, kuma ruwa ya yanke hanyar da ake bi zuwa asibiti, sai ya ga babu inda ya fi kusa da mu. Aka sauko da shi a kan buhu. Baƙin mutum ne dogo ƙwarai, da farar doguwar riga da ta koma ja saboda laka, da sarƙa mai gicciye a wuya. Ƙashin cinya ne ya karye, ƙafar ta juya gefe. Daga baya muka san cewa daga wata ƙasa ta bakin teku aka turo shi ya kula da 'yan Kiristocin da ke Jega, 'yan kasuwa da 'yan sanda da leburorin hanya, kuma ranar yana dawowa ne daga Karaye inda wasu mutanen ƙasar Zuru ke aiki. Sunansa ya gagari bakin Inna, sai ta sa masa Dogo. Shi ke nan kowa ya kama, Fada Dogo.

Kafin in taɓa shi na aika aka kira Baffa Umaru, ƙanen Baba, wanda ke da makarantar allo a bayan gidanmu. Ban taɓa ganin an kwantar da wanda ba Musulmi ba a ɗakunanmu, kuma ban so a ce na fara da abin da ba a saba ba. Baffa ya zo, ya dubi mutumin, ya dube ni.

"Mi kake jira?" in ji shi. "Ƙashi na, awa na kowa. Yi bisimilla ka ja."

Na yi bisimilla na ja. Bai yi ihu ba, sai gumi da ya wanke masa fuska. Da na gama ɗaure kara, ya buɗe ido ya ce da wata Hausa tasa mai tauri, irin ta wanda ya koya a littafi:

"Na gode, Malam Mamman. Yanzu ina ne babur ɗina?"

Kowa a zauren ya yi dariya, har Baffa.

Kada ku zaci wani shiru-shiru ne muka samu. Ban taɓa jinyar mutum marar haƙurin kwanciya kamarsa ba. Kullum sai ya tambaye ni yaushe zai tashi, in ce sai ƙashi ya yarda, ya yi tsaki ya juya fuska bango. Warin man shanu yana tayar masa da zuciya, kuma Inna ba ta rage ko kaɗan ba don shi. Sukan yi ta faɗa ta bayan labule, ita tana cewa man nan ya fi shi shekaru a gidan, shi yana cewa ai ya ji a hancinsa. Amma furar Inna ba ya bari ta kwana. Da la'asar Baffa kan shigo da buzunsa ya zauna bakin ƙofar ɗakin, su yi ta gardama a kan Annabi Isa har a kira magariba. Babu wanda ya taɓa matsawa daga inda yake tsaye. Baffa zai tashi yana kaɗa kai yana cewa Allah ya shirye ka, Dogo, shi kuma ya ce amin, kai ma haka, Malam. Washegari Baffa ya dawo masa da goro. Abin da na lura da shi kuma, bai taɓa yi wa ƙannena maganar addininsa ba. In sun leƙo suna kallon carbinsa, sai ya tambaye su ina suka tsaya a allo, ya kore su makaranta.

Ƙashi ya fara kamawa. Ina taɓawa ina jin sabon ƙulli yana taruwa a wurin karayar, amma ɗanye ne, irin wanda girgiza kaɗan ke rabawa. Har na fara jin daɗi a raina, don duk Aliero an zuba ido, har daga Jega ana aiko tambaya. Na san in mutumin nan ya fita daga gidanmu yana tafiya miƙe, to na zauna a kan buzun Baba ke nan.

A cikin wannan hali ne wata mata ta yi sallama da sassafe. Dattijuwa ce, ƙafafunta sun yi kaca-kaca da laka. Sunanta Lami. Ita da mijinta Ɗanjuma mutanen ƙasar Zuru ne, sun daɗe zaune a Andarai yana haƙa wa mutane rijiya. Ta ce mijin yana kwance, ciki ya kumbura, ya daina cin abinci, kuma shi kansa ya san tafiya ce. Ba magani take nema ba. A addininsu, wanda zai mutu yana son Fada ya zo ya ji abin da ke damun zuciyarsa, ya shafa masa mai, ya yi masa addu'a. Ta je Jega aka ce Fada yana Aliero, kuma babu wani Fada a duk ƙasar nan sai can nesa inda kafin saƙo ya kai an yi bakwai. Ta durƙusa bakin ƙofar ɗakin, da ta ga ƙafarsa cikin kara sai ta rufe baki. Ba ta ma roƙe shi ba.

"Ban san haka ya yi tsanani ba, Fada," in ji ta. "Ka yi masa addu'a daga nan. Zan gaya masa."

Ya tambaye ta ko mijin yana magana. Ta ce yana yi, kuma tun da ya kwanta ba abin da yake tambaya sai ko an ji ƙarar babur. Sai Fada Dogo ya ce a kira ni, alhali ina tsaye a kansa.

"Malam Mamman, zan je Andarai."

Na ce masa ba zai yiwu ba. Na gaya masa komai ba ɓoyo. Mota za ta kai Maiyama, amma daga nan sai keken shanu cikin taɓo da kwazazzabai. In ƙashin ya goce yanzu, ko an sake ɗorawa ba zai koma yadda yake ba, ƙafar za ta gajarce, kuma har ya mutu haka zai yi tafiya. In ma abin ya yi muni, ƙashin zai iya huda jijiya ya mutu a hanya. Ya saurara har na gama.

"Na ji, kuma na yarda da duk abin da ka ce. Amma ba don in yi tafiya miƙe aka aiko ni ƙasar nan ba. Mutumin nan yana jira. Na san dokar gidanku. Ka kira maƙwabta ka cire hannunka, ba zan ji haushi ba. Direba da yaransa za su ɗauke ni."

Na fita na bar shi, raina a ɓace. Na tarar da Inna tsakar gida, ta ji komai.

"Kira mutane," ta ce. "Yanzu-yanzu. Shi yaz zaɓi haka, ba kai ba. Ubanka ya yi shekaru yana gina sunan gidanga, kada ka zubar da shi damina guda."

Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce. Na wuce wurin Baffa ina fatan ya ce mini in ɗaure mutumin da igiya. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce shi ba zai hana wanda zai je wurin mai mutuwa ba, ko wane addini gare shi, kuma ba zai ce mini in bi shi ba, don ba shi zai ci abinci da sunan ba.

"Amma ka san yadda yaran mota ka ɗaukar buhu," ya ce.

Na sani kuwa. Na ga yadda suka sauko da shi ranar farko. In na cire hannuna, sunana ya tsira, amma za su jefa shi bayan mota ba kowa a kan ƙafar, kuma da wuya ya kai Maiyama da ita. In na bi shi, wataƙila in tsirar da ƙafar, amma duk abin da ya faru a kaina zai ƙare, don ba wanda zai ce na cire hannu alhali an gan ni zaune kusa da shi. Na shiga ɗaki na tarar da Kulu tana da tsohon ciki na yayanku Bello, tana zaune bakin gado. Ta tashi ta ɗauko tulun man shanu da tsummokaran ɗauri ta fara ƙulle su cikin zane.

"Ba ka iya barci in ka bar shi," ta ce. "Na san ka. Tafi, Allah shi kai ku lahiya."

Ban kira maƙwabta ba. Na ƙara wa Fada kara, na ciro ƙyauren ɗakin na shimfiɗa tabarma a kai, muka kwantar da shi muka ɗaure shi da ƙyauren. Inna ba ta fito ba lokacin da muka fita da shi, amma a cikin mota na ga ƙwaryar fura an rufe da faifai. Na zauna na rungume ƙafar a cinyata, Lami tana gefe, muka bi ta Jega muka miƙa Maiyama. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji a cikina. Har Maiyama ƙashi bai motsa ba, na fara cewa ko Allah zai rufa mini asiri.

A Maiyama wani Bafillace ya yarda ya kai mu da keken shanunsa. Rana ta take, hanya duk santsi, gero ya rufe ko'ina. Mun yi nisa, har ana hango itatuwan Andarai, sai muka iso wani kwazazzabo da ruwa ya ci. Na ce a tsaya mu sauke shi mu ƙetare da shi a kafaɗa. Kafin mai shanun ya riƙe su, ɗaya ya zabura, ƙafar keken ta faɗa rami, ƙyauren ya daki katako. A tafin hannuna na ji ƙashin ya rabu. Wanda ba maɗori ba ba zai san wannan jin ba. Fada Dogo ya cusa hannun rigarsa a baki ya ciza, idanunsa suka juya, na zaci ya suma. Na ce a tsaya nan in sake ja in ɗaure kafin ƙafar ta kumbura. Na san in na ja a lokacin ba zai iya magana ba sai gobe. Shi ma ya sani. Ya cire rigar daga bakinsa.

"In mun gama," ya ce. "Mu je."

Muka isa da la'asar. Ɗanjuma yana da rai. Bukka ce ƙarama, ƙyauren bai shiga ba sai da muka karkata shi. Muka ajiye Fada a ƙasa dab da tabarmar tsohon, su biyu kwance, kai kusa da kai. Tsohon ya miƙo hannu yana lalube har ya kama gicciyen nan na wuyansa, sai hawaye. Fada ya ce kowa ya fita. Na fita na nemi ruwa na yi alwala, na yi sallata a gindin wata tsamiya. Ina jin muryar tsohon ƙasa-ƙasa ta daɗe tana magana, can kuma in ji ta Fada. Ban san abin da suka ce ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Da aka kira mu muka koma, Fada ya shafa masa mai a goshi da hannuwa. Fuskar tsohon ta saki. Ya ce Lami ta ba shi ruwa, ya sha, ya dube ni ya ce sannu da hanya, maigida. Washegari da hantsi ya cika. Bai tashi ba, saɓanin yadda ake faɗa. Da ni aka haƙa kabarinsa.

Na sake ɗora ƙafar a can Andarai, amma ta riga ta kumbura, ƙasusuwan sun hau juna, kuma duk jan da na yi ba su koma daidai ba. Muka zauna a ƙauyen har ya iya jure hanya, sannan muka dawo Aliero ya ƙarasa jinyarsa. Da kaka ya tashi. Ƙafar ta kama, ta yi ƙarfi, amma ta gajarce. Ranar da ya fara taka ta a tsakar gida, Inna ta dube shi yana tangaɗi kamar raƙumi mai ciwo, ta shige ɗaki ta ja labule.

Abin da ta ji tsoro shi ya faru. Mutum dogo da farar riga ba ya ɓuya. Duk ranar kasuwar Jega ana ganinsa yana ɗingishi, ana cewa aikin ɗan wane ne na Aliero, hannun bai sauka ba. Ɗakunan jinyarmu suka zama wurin ajiye hatsi. Mutanen da Baba ya ɗora iyayensu suka riƙa wucewa ta ƙofarmu da masu karaya zuwa wasu gidaje. Shi Fada bai yi shiru ba. Ya gaya wa mutanensa a coci, ya gaya wa 'yan kasuwa, har ya hau sabon babur ya zo ya tsaya bakin masallacin unguwarmu bayan an idar da salla, ya ce shi ya ƙi jin magana, ba laifin maɗori ba ne. Mutane suka ce ka ga mutumin kirki, yana rufa wa yaron asiri. Abin da ido ya gani ya fi ƙarfin abin da ya faɗa.

Na koma fadama na kama noman albasa, abin da ban taɓa yi da hannuna ba. Kulu tana soya ƙosai da goyo a baya. Surukina ya aiko a ce in zo Jega ya sa ni a shagonsa, in manta da ɗori. Wani abokina ya ce mu tafi kudu inda ba a san labarin ba. Na ƙi duka. Na ce a wannan zauren aka zubar da sunan, a nan zan tsince shi. Kowace kaka sai na zaɓi kara mai kyau na fere na jingine, ko da ba wanda zai zo. In akuyar maƙwabta ta karye, in ce a kawo. An yi mini dariya, ana ce mini maɗorin awaki. Ban fasa ba. Shekaru suka shuɗe a haka kafin wasu makiyaya daga wajen Kimba, waɗanda ba su san maganar gari ba, su kawo ɗansu da saniya ta taka. Ya tashi miƙe. Suka gaya wa 'yan uwansu. Daga rugage aka fara dawo mini, sannan ƙauyuka, mutanen gari su ne na ƙarshe. Inna ba ta ga cikar ɗakunan ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin nauyi a ƙirjina.

Shi kuwa Fada an mayar da shi ƙasarsu. Muka ji ya zama Bishof. Sau ɗaya ya dawo, gashinsa ya fara fari, da mota da masu rakiya. Ya bar su a waje ya shigo zaure shi kaɗai, ya cire takalminsa, wanda aka yi wa ɗaya tudu a ƙasa, ya zauna a tabarma. Ya tambayi Inna da Baffa, na ce duk sun rasu.

"Malam Mamman, ranar nan ƙafata kawai na auna," ya ce. "Na ce tawa ce, ina da ikon ba da ita. Ban auna abincin gidanka ba, sai daga baya na gane. Na zo ka yafe mini."

Na ce ba shi ya ɗora ni a mota ba, da ƙafata na hau. Ya ce duk da haka. Na ce na yafe. Kulu ta aiko da fura, ya sha, ya ce ba ta kai ta Inna ba, amma kada a gaya mata. Ba mu sake ganin juna ba. Bayan shekaru Bello ya kira ni in ga talabijin, ga shi nan da jar hula cikin manyan da ke kewaye da Paparoma, an ce ya zama Kadinal, wato cikin waɗanda ke zaɓen shugabansu na duniya. Fuskar ta tsufa, ban gane ta ba, da tafiyar na gane shi. Daga baya muka ji rasuwarsa a rediyo.

Bara ne wani matashin Fada ya zo daga Jega ya yi sallama. Ya ce cocinsu tana binciken rayuwar marigayin don a ga ko ya cancanci a sa shi cikin waliyyansu, kuma ba a yin haka sai an ji daga bakin waɗanda suka zauna da shi, mai daɗi da marar daɗi. Ya ce an turo masu tambaya daga ƙasarsu, suna so in zo in ba da shaida. Kun tuna yadda gidan nan ya rabu. Bello ya ce tsoho kamata, mai zuwa sahun gaba, me zai kai shi harabar coci, mutane za su yi magana. Wasunku suka ce a bar abin da ya wuce, kada a tono zancen ƙafar nan yanzu da aka manta. Na ce muku ba waliyyi za ni naɗawa ba, wannan sanin Allah ne, kuma ni ina kan addinina har in mutu. Amma an tambaye ni abin da na gani, kuma wanda ya ɓoye shaida ya san hukuncinsa. Na ce in ba wanda zai kai ni, zan hau motar haya. Bello ya kai ni.

A wani ɗaki suka zaunar da ni, su uku da tafinta. Suka kawo littafinsu na rantsuwa, na ce da sunan Allah zan rantse, yadda na saba, suka yarda. Suka tambaye ni ko na ga wani abin al'ajabi. Na ce ban gani ba, ƙafar ni na ɗora, kuma ta gajarce, tsohon kuma ya mutu. Na ga ɗaya daga cikinsu ya ɗan sunkuyar da kai. Suka tambayi halinsa, na ce yana da saurin fushi, ba ya son kwanciya, yana da taurin kai, kuma ban taɓa jin ya yi ƙarya ko ya raina sallarmu ba. Babbansu, wani tsoho mai tabarau, shi ne mai tsananta tambaya. Ya jingino gaba.

"Alhaji, mun ji abin da tafiyar nan ta jawo maka. Ba ka ganin ganganci ya yi? Ya cuci kansa, ya cuce ka, saboda mutumin da ko ya je ko bai je ba mutuwa zai yi."

Na ce ya jawo mini wahala, wannan gaskiya ne, ku rubuta. Shi ma ya sani, don ya zo har zaurena ya nemi gafara alhali yana da girman da ba wanda zai tilasta shi. Amma ni na ga fuskar Ɗanjuma kafin mu shiga bukkar nan, na kuma gan ta bayan mun fito, ku ba ku gani ba.

"Da za a mayar da kai ranar," ya ce, "za ka sake binsa?"

Bello yana bakin ƙofa, na ga ya ɗago kai yana jiran abin da zan ce.

"Zan bi shi," na ce. "Sai dai wannan karon tun daga nesa zan tsayar da shanun nan, in ɗauke shi a bayana mu ƙetare."